Kamfanin kacici-kacicin da na yi wa aiki har ya mutu muna kallo

Assalamu alaikum jama'a. Yau dai na ce bari in zauna in rubuta nawa labarin, dan na san akwai mutane da yawa a garin nan masu aiki a ƙananan kamfanoni irin wanda na yi, inda komai yake rataye a wuyan mutum ɗaya, ƙila wani ya tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan kama sunan kowa ba har shi kamfanin, sabida mai shi ya riga mu gidan gaskiya kuma iyalinsa suna nan muna gaisawa.

Ni haifaffen cikin gari ne. Mahaifina tela ne, shagonsa ɗan ƙarami a bakin lungunmu, kuma rediyo ba ta hutawa a shagon nan, a ji BBC a juya Jamus a koma Muryar Amurka, ni kuma ina gefe ina sa mai zare a allura ina haddace duk abin da ya shiga kunnena. Abokan hirarsa har sun mai da ni abin wasa, wani ya ce kai yaro ina ne babban birnin Mali, in ce Bamako, a miƙo min sule. Da haka na taso, a firamare da sakandare duk ni ake turawa kwiz. Da na gama na yi NCE a nan Kano, na kama koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin da in ka cire kuɗin mota da na sabulu sai ka rasa me ka yi wa wata guda.

Wajen 2008 wani abokina ya ce min akwai wani dattijo tsohon malamin makaranta da ya buɗe kamfani a wajen Zoo Road, ba abin da suke yi sai rubuta tambayoyin gasar kacici-kacici suna sayar wa makarantu, wai yana neman mai tarihi. Ni dariya ma na yi, ban taɓa kawo wa raina cewa tambayar nan da ake karanto mana a kan dandamali wani ne ya zauna ya rubuta ta har aka biya shi ba. Na je na same shi a saman wani bene, ɗaki biyu, fanka ɗaya. Bai tambaye ni takardu ba. Ya miƙo min wani ɗan kwali an rubuta "Waye gwamnan Kano na farko?" ya ce ɗana, mene ne aibun wannan? Na ce Baba amsarta biyu ce, in na soja ake nufi Audu Bako ne a 1967 da aka ƙirƙiri jihar, in na farar hula ne Abubakar Rimi ne a 1979. Ya ce gobe ka zo da biro ɗinka.

Mu huɗu ne masu rubutu, ɗaya lissafi, ɗaya kimiyya, ɗaya Turanci, ni kuma tarihi da Hausa da al'amuran yau da kullum, sai wata baiwar Allah mai buga mana a kwamfuta. Guntayen kwali muke siyowa a wajen masu ɗab'i mu yanka daidai tafin hannu, kowace tambaya da katinta, a gaba tambaya, a baya amsa da littafin da aka samo ta da shafinsa da ajin da ta dace da shi da ranar da aka rubuta. Dokar Baba ita ce sai ka ga amsa a wuri biyu da ba su kwafi juna ba kafin kati ya shiga durowa. Sabida wannan dokar na san kujerun laburaren Murtala kamar na ɗakinmu, Gidan Makama kuwa har masu gadi sun daina tambayata me na zo yi.

Mutane suna ɗauka tambaya mai wahala ita ce mai wuyar rubutawa, wallahi ba haka ba ne. Wahalar tana wajen tambayar da za ta zama amsarta ɗaya tak, yanda ba malamin da zai miƙe a tsakiyar taro ya ce bai yarda ba. Ka ce waye ya gina ganuwar Kano, ka jawo wa kanka rigima, dan Sarki Gijimasu ne ya fara ta, na bayansa suka ci gaba, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, to wa za ka ba maki? Dole ka ce waye ya fara. Ƙofofin gari nawa ne, wannan Baba haramta mana ita ya yi gaba ɗaya, wani littafin ya ƙirga da sababbin da aka fasa daga baya wani bai ƙirga ba. Akwai kuma masu daɗi waɗanda amsarsu a tsaye take amma bakin yaro yana saurin zamewa, kamar sarkin Kano na farko bayan jihadi, yara sai su yi wuf su ce Ibrahim Dabo, alhali Sulaimanu ne, Dabo sai 1819 ya hau.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar Baba yakan zauna da agogon hannunsa a kan tebur, mu karanto mai tambayoyin mako da baki ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe yake ji. Dalilinsa shi ne yaro a gasa da kunne yake karɓar tambaya, ba ya ganin rubutun, in jimla ta yi tsawo kafin a kai ƙarshenta ya manta farkonta ga mai duba lokaci yana ƙirga mai sakan. Kuma tunda yara lamba suke zaɓa, lamba bakwai da lamba takwas dole nauyinsu ya zo kusan ɗaya, in ba haka ba sa'a ce ta ci gasar, ga bonas da ake miƙa wa ɗaya ɓangaren in an faɗi, tambaya ɗaya mai sauƙi fiye da kima tana iya juya kofi gaba ɗaya. In ya gama ji sai ya ce wannan ta wuce, wannan a sake mata riga, wannan a yaga. Wadda ta wuce a buga, a sa a ambulan a manne da gam a buga hatimi a bakin, ba a buɗewa sai a gaban yara. Sau da yawa malamai sun bi ni har masallaci da ɗan abin goro a aljihu wai in ɗan haska musu ko fannin da za a fi tambaya, ni kuma tsoron Allah da tsoron idon dattijon nan ba za su bar ni ba.

Shekarun farko an ji daɗi gaskiya. Makarantun kuɗi na Sabon Gari da Nasarawa da Tarauni suna siya duk zango, islamiyyu suna karɓar na sira da fiƙihu a haɗa da musabaƙa lokacin saukar ɗalibai, ga 'yan siyasa masu sa kofi da sunansu, ga kamfanoni masu ɗaukar nauyin gasa dan talla. Kano ƙaramar hukuma 44 gare ta, in aka ce za a fara gasa daga matakin ƙaramar hukuma har zuwa jiha, aikin wata uku ne cur ba ɗaga kai. A cikin kuɗin nan na yi aure, na kama haya ɗaki biyu da tsakar gida, na sai wa mahaifina sabon keken ɗinki. In an tambayi matata me mijinta yake yi sai ta ce malami ne kawai, dan in ta ce tambaya yake rubutawa sai an ce tambayar me.

Abin da ya fara cin mu fotokofi ne. Makaranta ta sai ambulan ɗaya, a gama gasa, wani malami ya kwashe takardun ya kai bizines senta, kafin shekara ta zagayo suna hannun makaranta goma, har a bakin kasuwa na taɓa ganin namu an ɗinke da sitefila an cire hatimin ana sayarwa. Asarar kuɗin daban, abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsa tana tsufa, mu mun san haka shi ya sa muke sa kwanan wata a bayan kati, mai fotokofi kuwa ina ruwansa. A ƙarshen 2011 na raka ɗan yayata wata gasa da ba mu muka rubuta ba, ina zaune a baya sai na ji an karanto jimlata sak, wace ƙasa ce ta fi kowace girman ƙasa a Afirka. Wata yarinya 'yar aji biyu, siririya, hijabinta har ya yi mata yawa, ta ja makirfo ta ce Aljeriya. Alƙalin gasa ya duba takarda ya ce ba daidai ba, bonas, ɗaya ɓangaren suka ce Sudan aka tafa musu. Alhali tun 9 ga Yuli na shekarar Sudan ta Kudu ta ɓalle, Aljeriya ta zama ta ɗaya, mu a ofis a satin muka zare katin muka sake shi. Yarinyar nan ba ta yi gardama ba, ta dai sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi hawaye na ɗiga a kan benci. Na miƙe na yi bayani, alƙalin ya ce malam abin da ke takarda shi muke bi. Maki biyu ne tsakaninsu da aka tashi. Na koma na ba Baba labari, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce da sunanmu aka zalunce ta ko da an cire hatimin.

Sai ga 20 ga Janairun 2012, ranar Juma'ar nan da duk ɗan Kano ya san inda yake lokacin da bama-bamai suka fara tashi. Aka sa dokar hana fita, gari ya cika da shingaye, ba mai makarantar da zai yarda ya kwashi yaran mutane a mota ya kai su taro a wani zaure. Iyalai da yawa na Sabon Gari suka tafi, makarantun da suka fi biyanmu a kan lokaci wasu suka rage aji wasu suka rufe. Shekara ta zagayo aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, kai ambulan unguwa uku da nake yi kafin azahar ya koma aikin yini. Muka lallaɓa dai. Bayan zaɓen 2015 wani babban mai sa kofi da muka yi wa aikin gasa tun daga mazaɓa har ƙarshe ya faɗi zaɓe, kuɗinmu ya bi ruwa, in Baba ya je gidansa a ce yana Abuja. A 2016 takarda da tawada suka yi tashin gwauron zabo. Ga waya ta shigo hannun kowa, malami ya kwanta a gado ya sauko da tambaya ɗari daga intanet kyauta, rabinsu na Indiya ne ko Amurka, wata amsar ma ba daidai ba, amma wa zai biya kuɗi alhali ga na banza.

Mai kimiyya ya samu aikin gwamnati ya tafi, mai Turanci ya koma Kwari wajen yayansa. Albashi ya koma rabi, daga baya ya koma in an samu. Baba yakan kira ni ya ce ɗana ka rubuta abin da kake bi na, in Allah ya hore zan cika ma, ni kuma in ce haba Baba tsakanina da kai har sai an rubuta. Matata ta fi ni hangen abin, wata rana da daddare ta ce Malam, ba raina aikinka nake ba, amma mai gida ya aiko sau biyu kuma yaran nan an ce kar su koma sai da kuɗin makaranta. Na ce ki ƙara haƙuri zango mai zuwa akwai gasar da muke sa rai. Abin da ban iya gaya mata ba shi ne ba na jin zan iya barin dattijon nan shi kaɗai da durowoyinsa, kuma can cikin raina ina tsoron in na fita ban san me zan ce na iya ba, shekara goma ina aikin da ba shi da suna a kowace takardar neman aiki.

Korona ce ta ƙarasa mu. Aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, a Afrilu aka kulle Kano, azumi ya kama mutane a gida. Lokacin nan ne dattawa suka dinga rasuwa a garin nan, kullum ka buɗe waya sai innalillahi. Baba yana cikinsu. Zazzaɓi aka ce, kwana kaɗan. Ta lunguna na bi a ƙafa har na samu jana'izar, mutanen da suka tsaya a sahu ba su kai yawan ɗaliban da ya koyar a aji ɗaya ba sabida halin da ake ciki.

Bayan an yi arba'in babban ɗansa ya kira ni, mutumin kirki ne ɗan kasuwa, ya ce Malam mai bene yana son ɗakunansa kuma mu a gidan nan ba wanda ya san kan wannan harka. Aka sai da kwamfuta da firinta da janareta aka biya bashin haya. Katunan kuwa da na ce a bar su, ya ce a ina za a ajiye, kabad uku ne fa. Masu siyan tsohuwar takarda suka zo da sikeli da buhuna. Ina tsaye yaron yana juye durowa a buhu yana dannawa da ƙafa dan ya ƙara ci, wani kati ya faɗo kusa da takalmina na ɗauka, rubutun Baba ne da jan biro a kan nawa, ya soke kalma ɗaya ya rubuta "a ji da kunne tukunna". Na roƙi arziki aka bar min durowa ɗaya ta tarihin Kano, na ɗaura ta a bayan keke na tura har gida.

Sai maganar bashina. Kowa ya san a shari'a sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado, iyalin ma da kansu suka yi sanarwa duk mai bin sa ya zo. Na je, malamin da ke rabon ya ce to kawo shaida, takarda ko mutum biyu. Ba ni da ko ɗaya, magana ce tsakanina da shi a ofis ƙofa a rufe. Ba wanda ya ƙaryata ni, amma akwai marayu ƙanana a cikin magada, ba a taɓa dukiyarsu da "ya ce min". Na fito ina jin kunya kamar ni na zo cin haram. Bayan Hajiya ta fita takaba ta aiko a kira ni, ta ce ɗana Malam ya sha gaya min yana jin nauyinka, ban san adadi ba amma ga wannan daga tumunina. Na ce Hajiya wallahi ba zan karɓi rabonki ba. Ta ce in ba ka karɓa ba ka bar shi da nauyi a kabari ke nan. Na karɓi rabi na ce sauran na yafe duniya da lahira, muka zauna ni da ita muna kuka kowa ya kau da kai.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata. Ba na barci, in na kwanta lissafi nake, kaina ya dinga sarawa, da na je asibiti aka ce jinina ya hau aka ɗora ni a kan magani. Na daina zama a majalisa dan kar a ce ya aiki. Muka tashi daga gidan haya muka koma ɗaki ɗaya a gidanmu na gado, matata ta fara yin awara da yamma yara suna kaiwa bakin titi. Wani maƙoci ya ba ni adaidaita sahu ina kai mai balas kullum, daga Kabuga zuwa Bata, daga Bata zuwa Yankaba, mutumin da ya saba zaman laburare yau shi ne da rigima kan canjin naira hamsin. Ba raina sana'ar nake ba, ta ciyar da 'ya'yana, amma ranar da wani saurayi ya shiga ya leƙo fuskata ya ce laa Malam, ba kai ne kake kawo mana ambulan ɗin kwiz ba, sai da na tsaya a gefen titi bayan ya sauka na kifa kai a kan sitiyari.

Abin mamaki ta hanyar yaron nan ƙofa ta buɗe. Ashe yana koyarwa a wata makaranta a Hotoro, ya karɓi lambata, bayan an koma karatu ya kira ya ce mai makarantarsu yana neman wanda zai duba musu tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango dan iyaye suna ƙorafin kurakurai. Na je na zauna da jan biro, abin da Baba yake mana ranar Alhamis shi na yi musu. Daga nan wata makarantar ta ji, wata islamiyya ta ji. Yanzu da safe ina koyar da tarihi a wuri ɗaya, ƙarshen zango ina duba jarrabawa a wurare da dama, in an tashi kwiz na cikin gida ni nake rubutawa kuma ni nake zama alƙali dan kar a sake yi wa wata yarinya abin da na gani. Na mayar wa maƙocina adaidaitarsa da godiya. Kuɗin bai kai na da ba amma ba daga hannu ɗaya yake fitowa ba, kuma duk wanda zan yi wa aiki, ko aminina ne, sai mun rubuta a takarda ya ba da rabi kafin in ɗora biro. Wasu suna cewa Malam ka cika tsauri, ni dai murmushi nake in miƙa musu takardar.

Tambayar waye Sarkin Kano na yanzu na cire ta daga duk abin da nake rubutawa, tunda aka sauke a 2020 aka naɗa, aka sake juyawa a 2024, ba zan sa yaro ya tsaya a gaban taro ya faɗi abin da zai raba zauren biyu ba. Wani firinsifal ya matsa sai na sa, na ce ranka ya daɗe in dai sarauta kake so ga Ado Bayero, daga 1963 zuwa 2014, ba mai musu a kansa. Durowar nan kuwa tana ƙarƙashin gado, gara ta ci wasu daga ƙasa kafin in lura, shi ya sa na fara kwafe su a waya da daddare in an kawo wuta, ina yi ina sake duba kowace amsa a wuri biyu. Aikin yana tafiya a hankali dan idona ya fara neman gilashi, yanzu dai na wuce basasar Kano na shigo zamanin Sarki Alu.